Ranar tayar da injin 504

Ba ranar da aka sauke injin tsohuwar mota ce ke hana ni barci ba, ranar da za a tayar da shi ce. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, kuma waɗanda suka rage a kan titi yanzu sun cancanci a bi su a hankali.

Injinta yana da wani hali. Hannayen silinda guda huɗu ciro su ake yi, kuma ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye. Idan ba su zauna daidai ba, ko aka ɗaure kan injin ba bisa tsari ba, ruwa zai sulale cikin baƙin mai. Shi ya sa nake zaro sandar awo bayan injin ya ɗumama, in duba ta a hasken rana. In man ya koma kalar shayi da madara, a kashe nan take.

Sai kuma salansa. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa, wataƙila ringi bai gama zama ba tukuna. Baƙi kuwa kafireta ce ke ba da fetur fiye da kima. Farin da ya ƙi ɗaukewa shi nake tsoro, domin ruwa ne.

Ina ganin girman makaniken da ke kasa kunne kafin ya ɗauki sifana. Mai mota, ka bar shi ya saurara, kada ka taka totur a ranar farko.