Abin Da Na Ji Da Bakina Daren Sallar Gani

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka in shaida wa 'yan'uwana akawuna da malamai wani abu da ya same ni, ko wani ya ƙaru da shi.

Mu 'yan kaɗan a nan Daura muna da wata al'ada. Kowace shekara cikin watan Rabi'ul Awwal, lokacin Sallar Gani, sa'ad da 'yan gari masu aiki a Kano da Katsina su ke zuwa gida kallon hawa, mu kan taru da dare a zauren wani dattijon malami. Sai a ɗauko littafin wasan kwaikwayo guda, a raba wa kowa mutumin da zai zama, mu karanta a bayyane. Ba kiɗa, ba sa kaya, murya kaɗai.

Bana aka zaɓi Uwar Gulma na Mohammed Sada, watau labarin Halima da mijinta Hayatu, wanda ya ke wulakanta ta. Ni aka ba Hayatu. Da fari na sake murya ina faɗa, jama'a suna ta dariya. Can sai na ji maƙogwarona ya bushe, na kasa ci gaba. Dattijon ya ce, "Akawu, lafiya?" Na ce, "Allah gafarta Malam, lafiya lau." Amma ba lafiya ba ce.

Ga dalili. Wata uku kafin wannan dare ƙanwata ta yi yaji, ta zo gida fuska a kumbure. Tun da mahaifinmu ya rasu ni ne babba. Ban ko jira mijin ya zo biko ba, na sa ta gaba na mai da ita. A hanya ta ce mini, "Yaya, ba ka ko tambaye ni abin da ya faru ba." Na ce, "Ki yi haƙuri, zaman aure sai da haƙuri." Gaskiyar magana, surutun mutane na ke gudu, kada a ce ƙanwar akawu ta zama bazawara. Sai da na ji maganar irin wannan miji tana fita daga bakina, sa'an nan na gane hannun da na danƙa ta.

Sa'ad da ni ke makaranta an karantar da mu wani wasa na Henrik Ibsen, mutumin Nowe, wanda ya fito a 1879. A cikinsa wata mata, Nora, ta gane mijinta ya ɗauke ta kamar 'yar tsana, ana cikin kwanakin Kirsimeti ta bar shi da 'ya'ya ta tafi. A lokacin na ce wannan halin Turawa ne, ba ruwanmu. Ba kuwa ina kiran matanmu su yi koyi da ita ba ne. Shari'a ta riga ta ɗora wa miji ci da sha da tufa da kyakkyawan zama, ta kuma buɗe wa mace ƙofar alƙali, har da hul'i in zama ya ƙi. Mu dangi ne mu ke rufe ƙofar da kalmar haƙuri. Abin kunya ne kuwa a garin da tarihi ya ce mata suka yi sarauta har zuwa kan Daurama, mace ta rasa mai sauraron kukanta.

Kashegari na tafi na ɗauko ta, na zauna na ji maganarta tun daga farko har ƙarshe. Yanzu tana gida, mun sa rana da magabatan mijin. In ya karɓi sharuɗɗa, ita kuma ta yarda, to, madalla. In ba haka ba, ni da kaina zan raka ta gaban alƙali.

Saboda haka ina roƙon iyaye da yayye, in 'yarku ta zo da kuka, ku tambaye ta tukuna kafin ku ce ta koma. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba a kan mutum guda ya wajaba ba.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Daura.