Zafin Da Ba A Gani A Kan Takarda

Duk lokacin da zan zana allon lantarki, ba na ɗaukar fensir sai na san wutar da zai ci da inda za ta fito. Abokan karatuna suna ganin ɓata lokaci ne, tun da ga 7805 a shagunan kayan rediyo, 'yar na'ura mai daidaita wuta, ƙafafunta uku kacal: ɗaya wuta ta shiga, ɗaya ta fita, ta tsakiya ta tafi ƙasa. A ba ta bolt 12 daga batir, ta miƙo bolt 5. Ni ma ina ƙaunarta, domin ga araha, ga wutarta lumui.

Amma fa ina bolt 7 ɗin da suka rage suka shiga? Zafi suka zama. A ce allon yana jan rabin amfiya. Wat 2.5 ne za su yi aiki, wat 3.5 kuwa su tashi a banza a jikinta, wato abin da aka zubar ya fi abin da aka mora. In ba a ɗaura mata farantin alminiyam mai shan zafi ba, kafin a jima za ta ɗauke wutar da kanta don kada ta ƙone. Alƙaluman da maƙeranta suka buga kuwa, yawancinsu a zafin digiri 25 aka auna su. Wanda ya yi watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ya san 25 sai da asuba, in ma an samu.

Saboda haka in batir ne zai ɗauki nauyi, LM2596 nake zaɓa. Ita takan buɗe wuta ta rufe sau 150,000 a daƙiƙa guda, koyil da kafasita su tara su daidaita, har wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ya kai ga aiki. Sai dai tana da sharaɗi. Dole koyil da diyod da kafasita su zauna kusa da ita, layukansu gajeru masu kauri, in ba haka ba ta cika allon da ƙara, rediyon maƙwabci ma ya shaida.

Inda akwai makirfo, wanda ba ya jure ƙara, nakan haɗa su biyu. LM2596 irin wadda ake saitawa ta sauko da wutar zuwa bolt 8, sa'an nan 7805 ta ƙarasa. Zafinta ya koma wat 1.5, ƙaramin faranti ya ishe ta.