Tukunyar Tace Ruwa

Garin Augie yana cikin kwarin Gulbin Rima, a ƙasar Argungu. Da damina gulbi yakan cika ya malale fadama, manoma su shuka shinkafa, masunta su kama kifi. Amma ruwan nan mai albarka yakan kwaso ƙazantar mutane da ta dabbobi, ya zuba cikin tafkuna da rijiyoyi.

In an ɗebo ruwa an zuba a randa, laka takan kwanta, ruwa ya yi garau. To, ba kowane ruwa garau ne ya kamata a sha ba. Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke kawo zawo da kwalara da taifot. Ƙananan yara sun fi shan wuyarsu, har wasu su rasu.

A shekarar 1981 wani masani a ƙasar Gwatamala, mai suna Fernando Mazariegos, ya ƙago wata dabara. Akan kwaɓa yumɓu da garin katako ko niƙaƙƙen ɓuntun shinkafa, a gina tukunya, a gasa ta. Wuta sai ta cinye ɓuntun, ta bar kafofi ƙanana ƙwarai. Sa'an nan a shafa mata ruwan azurfa, don azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Sai a ɗora ta bisa bokiti mai famfo, a cika ta, a rufe. Ruwa yakan ɗiga a hankali, lita 1 zuwa 3 cikin awa guda.

Tukunya mai kyau takan tsare wajen kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin kwalara da taifot da irinsu. A ƙasar Kambodiya, wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna zawo ya ragu da kusan rabi a gidajen da ke shan ruwanta.

Duk da haka tana da iyaka. Ƙwayoyin shan-inna da na shawara sun fi sauran ƙanƙanta, suna iya ratsa kafofin. In tukunya ta tsage, amfaninta ya ƙare. In an tsoma moɗa mai dauɗa cikin tataccen ruwa, aiki ya koma baya.

Saboda haka sai a riƙa wanke ta da ruwa mai tsabta, a ɗebi ruwa ta famfo kaɗai. In annoba ta shigo gari, a tace ruwa, kuma a tafasa shi. Rigakafi ya fi magani.