Ɗakin da Inna Ta Kwana

Yau ku yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba.

A daminar 2020, shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa, mutanen Haɗeja suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, zazzaɓi ya kwantar da kakata a ƙauyenmu da ke ƙasar Malam Madori. Mu nan ba mu san gidan ajiye tsofaffi irin na Ingila ba, tsohuwa a ɗakinta take, jikoki na kai mata fura. To amma ɗakin Inna na laka ne, gara ta cinye azara, bangon gabas kuma ya sha ruwa har ya fara yin ciki. Tsoron kada ya rufta mata ne ya sa muka ɗora ta a amalanke zuwa wani ƙaramin asibiti, ba zazzaɓin kaɗai ba. A ganinmu ginin siminti ne, can za ta fi tsira.

Ashe an gudu ba a tsira ba. Bayan isha'i hadari ya haɗo, aka kece da ruwa. Silin ɗin da ma ya yi tumbi saboda kashin jemagu, sai ga ruwa yana zuba daidai kan gadonta. Sau uku ni da malamin asibitin muna jan gadon, shi yana riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama, bawan Allah, yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya yi ginin. Daɓen ɗakin ya fi hanya ƙasa, don haka ruwan waje ma ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Da na haska tocila sai na ga wayar lantarki tsirara a jikin jiƙaƙƙen bango. Ranar ce kaɗai a rayuwata na gode wa Allah da babu wuta. Ƙofa ɗaya ce tal, ta kumbura da danshi, tagogi kuma an like su da ƙarafa saboda ɓarayi. Da gobara ce, wallahi ban san ta inda zan fitar da tsohuwar da ba ta iya tsayuwa ba.

Inna ta buɗe ido ta ce, "Maigidana, nan ɗin ma yoyo yake? Ai da ka bar ni a ɗakina, can na san inda yake ɗiga."

Abin da ke ci mini rai, ruwan nan ba baƙo ba ne. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ambaliya ta zo a 2012, ta zo a 2018, ta sake dawowa a 2022. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko domin gine-gine da kayan aiki da sufuri. Amma a wurinmu in an ce gyara, sau da yawa fenti ake nufi da sabon allo a bakin titi. Ni dai da za a tambaye ni, a ɗaga daɓe ya fi hanya, a yi magudana, a fasa ƙofa ta biyu, sannan wani ya hau rufi ya duba tun kafin ruwan fari.

Kwananmu huɗu aka sallame mu. Da muka isa gida muka tarar bangon gabas ya faɗi tun a daren nan, daidai kan gadonta na kara. Inna ta daɗe tana kallo daga kan amalanke, sannan ta tambaya ko an fitar mata da kwanoninta na jere.