Gyaɗa na kare kanta, muddin ba ta ji ƙishi ba

A ƙarshen Satumba manomin tudu a Rabah ko Wurno yakan dubi gabas ko hadari zai sake haɗuwa. Abin da ke ransa nauyin buhu ne. Amma wannan ruwa na ƙarshe shi ne kuma ke yanke hukunci kan ko gyaɗarsa za ta fito da guba.

Akwai wata fumfuna da ke zaune cikin ƙasa, masana na kiranta Aspergillus flavus. Ita ke fitar da gubar aflatoksin, wadda duniya ta farga da ita a 1960, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Brazil. Hanta take ci a hankali, kuma ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin sankara yakan ninka sosai. Suya ba ta kawar da ita.

Gyaɗa kuwa ba ta naɗe hannu. Da zarar fumfunar ta taɓa ƙwaya, sai ƙwayar ta shiga haɗa sinadaran kariya: resberatrol, irin wanda ke cikin fatar inabi, da danginsa da ake kira arakidin, waɗanda ke daƙile yaɗuwar fumfunar. Sai dai haɗa su na buƙatar danshi. Idan ruwa ya ɗauke makonni uku ko huɗu kafin gyaɗa ta nuna, ƙasa kuma ta ɗauki zafi, ƙwayar takan bushe har ta daina haɗa komai, alhali fumfunar ta fi ta jure fari. Sauran aikin gara ce ke ƙarasawa, ta huda kwanso. Shi ya sa mai gona kusa da ruwan madatsar Goronyo, in ya samu ya yi ban-ruwa a waɗannan makonni, ya sayi kariyar da na tudu bai da ita.

Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfunar marar guba, a watsa a gona ta riga mai gubar kama wuri. Dabara ce mai kyau, ga wanda ta isa gare shi.

Abin da ya fi tayar da hankali a tsakar gida yake. Ana tsince ƙosassun ƙwayoyi a kai kasuwa, motsattsu da masu dafi-dafi a sayar da su da araha ga masu matsar mai. Kaɗan daga gubar ke bin man. Mafi yawanta a tunkuza take zama, tunkuzar da ake murzawa a toya ƙuli-ƙulin da yara ke tafiya makarantar allo da shi a aljihu.