Hasken Minti Biyar

A daminar bara na je ƙauyenmu da wata tocila da na saya a Kano, wadda aka rubuta lumen 10,000 a jikin kwalinta. Mai shagon bai tsaya dogon bayani ba. Kunna ta ya yi, ya haske mini ido da rana tsaka, ni kuwa na zaro kuɗi na biya. A dare na uku ciwon ciki ya turnuƙe Gwaggo, aka ce ni da Baffa mu je mu taso ma'aikacin lafiya da ke ƙauyen gaba, tafiyar kusan minti 40 ta cikin gonaki.

Da muka fito, tocilata ta mayar da turba kamar rana, har Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, ai fitilar mota ka riƙo mana." Ba mu wuce maƙabarta ba kanta ya ɗauki zafi, hasken ya ja baya da kansa. Kafin mu isa rafi ta koma tamkar aci-balbal. Tocilar Baffa, tsohuwa mai manyan batura biyu da ba ta taɓa burge kowa ba, ita ta kai mu, ita ta dawo da mu. A hanyar dawowa kuma ita ta nuna mana kububuwa kwance a gefen turba, taku biyu daga ƙafar ma'aikacin.

Daga baya na bi diddigin abin da ya faru. Lumen ma'auni ne na jimillar hasken da fitila ke fitarwa, amma bai faɗin tsawon lokacin da za ta jure. Ƙa'idar da kamfanonin tocila suka amince da ita a Amurka a 2009, wadda ake kira FL1, ta ce a auna hasken daƙiƙa 30 bayan kunnawa, lokacin da batir ke cike kuma ƙwan LED bai yi zafi ba. Ƙwan nan kuwa yana tara zafi sosai, ƙaramin jikin tocila ba ya iya fitar da shi, don haka na'urar ciki ke rage wuta don kada ya ƙone. Ƙa'idar ta kuma ce a ci gaba da ƙirga lokacin aiki har hasken ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na farko. Wato idan mai karatu ya ga "awa 6" a kwali, mai yiwuwa yawancin awannin nan na dushi-dushi ne. Wannan fa ga kamfanonin da ke faɗin gaskiya ke nan. Tawa da na kwance ta, batir ɗaya na tarar, irin wanda ake kira 18650, an rubuta masa mAh 9,900, alhali mafi ingancin irinsa bai kai ko rabin haka ba. Ko a hannu ba shi da nauyi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ido ke karɓar haske. Tocila mai lumen 1,000 ba ta ninka mai 500 a ganin mutum. Sai an ruɓanya hasken kusan sau 4 kafin ido ya ce ya ninka. Sannan akwai yadda aka tsara hasken. Tawa tana dunƙule shi wuri guda ta cilla nesa, ido ya saba da wannan farin tabon, duk abin da ke gefe ya koma baƙi ƙirin. Maciji kuwa ba a tsakiyar hanya yake jiran mutum ba. Ta Baffa tana baza nata a hankali, daga bakin ƙafa har ciyawar gefe.

Sai launi. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka lulluɓe da wani sinadari mai launin rawaya, kuma masu araha sun fi karkata ga shuɗin, domin ya fi ɗaukar ido a shago. A ƙarƙashin irin wannan haske, launin ƙasa da na busasshen ganye da na kububuwa duk sajewa suke yi. Ina zaton da tawa ce a kunne, ko tana kan ganiyarta, da mun taka ta.

Gwaggo ta warke bayan kwana biyu. Da na koma sayen wata tocilar, na roƙi mai shago ya bar ta a kunne minti 10 a kan tebur, in taɓa kanta, in ga abin da ya rage na hasken. Biyu suka ƙi, ɗaya har da cewa zan cinye masa caji. Na uku ya yarda, ya miƙo mini kujera. Wadda na ɗauka lumen 300 aka rubuta mata, tana da mataki uku, kuma a na tsakiya nake barin ta.