Gangaren Mambila da Ƙaramar Giya

'Yar uwa, idan Allah ya kai ki Mambila, ki tafi da rigar sanyi ko da a watan Afrilu ne. Daga Serti za ki isa Mayo Selbe, daga nan hanya ta dinga nannaɗe dutse har ki fito saman tsauni mai tsayin kimanin mita 1,600. Ciyawa shar, shanu ko'ina, ga gonakin shayi a Kakara. Kwalta ta bi ta Maisamari da Nguroje ta dire Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba.

Amma yawancin ƙauyukan ba a bakin kwalta suke ba. Da damina jar ƙasar nan santsi take yi kamar miyar kuɓewa.

Aikin rigakafi ne ya kai mu wata ruga a cikin tsohuwar Land Cruiser. Muna shirin komawa aka kawo mana wata yarinya, haihuwar fari, tun jiya take naƙuda. Da na duba ta na san aikin asibiti ne. Muka shimfiɗe ta a baya, uwarta na riƙe da kanta, ruwa kuma ya tsuge.

Da muka zo bakin wata gangara, sai direbanmu, wani dattijo, ya tsaya cak. Na ce, "Baba, don Allah mu yi sauri!"

Ya ce, "'Yata, saurin da za mu yi ke nan."

Ya fita ya murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba. Ya dawo ya taka kuloci, ya ja ƙaramin sandan da ke gefen giya zuwa 4L. Sai mota ta tsaya ake shiga wannan giyar, in ba haka ba haƙoranta za su ci juna. Ya sa giya ta ɗaya, ya ɗage ƙafarsa daga kuloci gaba ɗaya. Motar ta soma sauka a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, inji na gurnani, birki kuwa da ƙyar ya taɓa shi.

Daga baya ya fahimtar da ni. 4L tana rage gudu ta ƙara ƙarfi, don haka inji ne ke riƙe motar a gangara. Da zarar kin taka kuloci kin raba tayoyi da inji, mota ta kwasa. Ki danna birki a tsorace, tayoyi su ƙame su zame a laka, sitiyari ya daina jin maganarki, ga kwari a gefe.

A ƙasan gangarar taɓo ne. Tun kafin ya shiga ya sa giya ta biyu, ya riƙe totur daidai, bai canza giya a tsakiya ba, domin ɗan sakin nan ya isa mota ta kafe.

Muna hawa kwalta ya sake tsayawa, ya mayar da sandan 2H. A 4L gaba da baya a ɗaure suke, kwalta kuma ba ta barin taya ta ɗan zame a kwana, sai ƙarafan ƙarƙashi su takura har wani ya karye.

Bayan magariba muka shiga Gembu. Aka yi mata aiki, aka ciro namiji. Da rai, su biyun.

Kina tuƙi ko ba kya yi, ki riƙe wannan. Ranar da kike bayan mota da 'ya'yanki a irin wannan hanya, kika ga direba ya sa firi a gangara wai don tattalin mai, kada kunya ta hana ki magana. Wanda kuma ya tsaya gyara giya, ki bar shi ya gama. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sauki masu ciki lafiya.